LIKITA MILA: TARIHIN MUTUMIN DA AIKINSA YA HAIFI MAJAMI'A DA MAKARANTAR WUSASA

Gabatarwa

 A wannan fitowa ta mujallar ƙungiyarmu mun ga ya dace mu kawo wa 'yan'uwa tarihin Dokta Walter Miller, wanda iyayenmu da kakanninmu suka fi sani da Likita Mila. Dalilinmu kuwa shi ne, a shekarar 2029 Wusasa za ta cika shekara 100 da kafuwa, ga shi kuma da yawa daga cikin 'ya'yanta an haife su ne a Kaduna ko Kano ko Jos ko Abuja ko Ikko, ba su zuwa gida sai lokacin Kirsimeti ko biki ko jana'iza.

In ka tambayi yaro daga cikinsu wane ne ya kafa garin, sai ya ce maka Likita Mila. In ka ƙara tambayarsa daga ina mutanen garin suka fito, sai ya yi shiru. Ita ma amsar farkon da gyara a cikinta, domin Likita Mila bai yi zaman Wusasa ba, hasali ma bai so a yi ƙaurar da ta haifi garin ba. Duk da haka, ba don aikin da ya yi na kusan shekara 30 kafin wannan ƙaura ba, da babu majami'ar, da babu makarantar, da mu ma ba a wannan wuri aka binne cibiyarmu ba. Wusasa gari ne na 'yan ci-rani da suka zama 'yan gida, kuma wanda bai san inda aka taso ba, da wuya ya san darajar inda aka sauka.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Walter Richard Samuel Miller a shekarar 1872 a garin Honiton da ke yankin Devon, a kudu maso yammacin Ingila. Ya yi karatun likita a asibitin St. Bartholomew da ke birnin Landan, ɗaya daga cikin tsofaffin asibitocin ƙasar. Da ya gama, maimakon ya zauna ya yi aiki a ƙasarsu, sai ya miƙa kansa ga ƙungiyar mishan ta Ikilisiyar Ingila, wadda aka sani da C.M.S.

A wancan zamani Turawa sun daɗe suna jin labarin ƙasar Hausa da birnin Kano daga bakin fatake da matafiya, amma kaɗan ne daga cikinsu suka taɓa taka ta. Wasu 'yan mishan biyu, Graham Wilmot Brooke da John Alfred Robinson, sun yada zango a Lakwaja a shekarar 1890 da nufin kutsawa arewa, sai ajali ya tsare su a can cikin shekara biyu. Saboda haka sai C.M.S. ta ga cewa duk wanda za ta sake aikawa, dole ya fara sanin harshen kafin ya taka ƙasar.

Wannan ne ya sa aka tura Miller birnin Tarabulus na ƙasar Libiya a ƙarshen shekarun 1890. Tarabulus ita ce bakin hanyar ayarin raƙuma da ke ƙetare Sahara daga Kano, kuma akwai Hausawa fatake da alhazai da 'yantattun bayi da ke zaune a can. A wurinsu ya fara ɗaukar Hausa, daga baki zuwa kunne. A can ne kuma ya haɗu da wani yaro Bahaushe mai suna Abdulmajid, wanda ya baro gida tare da mahaifinsa da niyyar aikin Hajji. Wannan yaro ya zama na hannun damansa wajen koyon harshe, ya kuma kasance cikin mutanen gidansa na farko.

Tafiyar Kano ta 1900

A ranar 1 ga Janairu, 1900, Lugga ya ɗaga tutar Ingila a Lakwaja, ya ayyana Arewa a matsayin ƙasar da ke ƙarƙashin kariyar Turawa, amma a wannan lokaci ikonsa bai kai Kano ko Sakkwato ba. A farkon wannan shekara ne Bishop Herbert Tugwell ya jagoranci ayarin mutum biyar daga Ikko zuwa Kano, wato shi kansa, da Likita Mila, da Rabaran Richardson, da Rabaran Dudley Ryder, da wani mai suna Burgin. Babu jirgin ƙasa, babu mota. Watanni suka yi suna tafe da 'yan alaro, suka ratsa ƙasar Yarabawa, suka haye Kwara, suka bi ta Zariya, sannan suka doshi Kano.

Sarkin Kano na lokacin, Alu, bai yi maraba da su ba. Sun zo ba tare da izninsa ba, a daidai lokacin da kowa ke jin ƙishin-ƙishin cewa Nasara na shirin cin ƙasa da yaƙi. Sai ya umarce su da su bar birnin cikin 'yan kwanaki. Haka suka juyo, suka sauka a Girku, kudu da Zariya. A nan Rabaran Ryder ya rasu, rashin lafiya kuma ya tilasta wa Richardson komawa gida. Tafiyar da aka yi wa dogon shiri ta watse ba tare da an kafa komai ba.

Wani da ya ga haka sai ya ce ƙasar ba ta karɓe shi ba, ya nemi a canza masa wurin aiki. Likita Mila bai yi haka ba. Bayan ya je gida ya huta, sai ya komo Girku, ya ci gaba da duba marasa lafiya da gyara Hausarsa. Daga cikin waɗanda suka yi aikin mishan a wannan ɗan tsakani akwai mutum biyu da sunansu ya shahara daga baya bayan sun koma aikin gwamnati: Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, da G. P. Bargery, mai babban ƙamus ɗin Hausa da ya fito a 1934.

Zaman Durumin Maigarke

Zazzau ta shiga hannun Turawa a 1902, Kano da Sakkwato kuma a 1903. A wannan shekara ta 1903 aka naɗa Aliyu ɗan Sidi sarautar Zazzau. A zamaninsa ne, cikin shekarar 1905, Likita Mila ya sami damar shiga cikin birnin Zariya, ya zauna a unguwar Durumin Maigarke. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin Lugga ya riga ya yi wa sarakuna alkawarin cewa gwamnati ba za ta tsoma baki cikin addininsu ba, waɗanda suka gaje shi kuma suka fassara alkawarin da cewa ba za a bar 'yan mishan su zauna a biranen Musulmi ba. Sai gidan mishan na Zariya ya zama saniyar ware a cikin ganuwa.

A wannan gida ne aka dasa abubuwa uku da suka zama ginshiƙan Wusasa daga baya: ɗakin shan magani, da ɗakin sujada, da makaranta. Ɗakin magani shi ya buɗe masa ƙofofin gidaje, domin mai gyambo ko ciwon ido ba ya tambayar addinin mai magani. Makarantar kuwa da ƙyar ta tsaya da ƙafafunta. Likita ya yi burin ya koyar da 'ya'yan sarakuna da malamai karatun Hausa da baƙaƙen boko, da lissafi, da sanin ƙasa, Lugga ma ya nuna goyon baya. To amma Lugga ya bar Arewa a 1906, wanda ya gaje shi kuma bai yarda a danƙa ilmin 'ya'yan sarakuna a hannun mishan ba. Aka ba Ɗan Hausa wannan aiki, ya buɗe makarantar gwamnati a Nasarawa ta Kano a 1909. Su ma iyaye a cikin birni suna ɗari-ɗari da makarantar da suka san mai ita yana wa'azin wani addini.

Saboda haka ɗaliban da suka riƙe makarantar a farko su ne yaran gidansa: 'yantattun bayi, da marayu, da 'yan ƙalilan daga gidajen birni waɗanda suka karɓi bishara, suka kuma ɗanɗani ɗacin rabuwa da dangi saboda haka. Likita bai taɓa yin aure ba, waɗannan yara su ne iyalinsa. Tare suke ci, tare suke kwana a gida ɗaya, shi ne uba, shi ne malami, shi ne mai horo. Wasu ma sunansa suka ɗauka, shi ya sa ake jin sunan Miller a cikin zuriyar Hausawa, kamar marigayi Bala Miller, shahararren makaɗin zamani, wanda mahaifinsa limamin Ikilisiya ne.

Isawa da ƙauyen Gimi

Shekara takwas aka yi ana wannan fama, masu bi ba su taka kara sun karya ba. Sai a 1913 wani al'amari ya faru wanda ya sauya tarihin aikin baki ɗaya, wato zuwan Isawa.

Asalin Isawa yana komawa ga wani malami a Kano mai suna Malam Ibrahim, wanda ya rayu a tsakiyar ƙarni na 19. A cikin nazarinsa na littattafan addini ya ba Annabi Isa wani matsayi na musamman, ya kuma tara almajirai a kan haka. Hukumar Kano ta lokacin, a zamanin Sarki Abdullahi, ta ɗauki koyarwarsa a matsayin fanɗarewa, aka kashe shi a kasuwar birnin wajen shekarar 1867. Almajiransa suka watse, wasu suka nufi duwatsun Ningi, wasu suka ɓuya a ƙauyukan da ke kan iyakar Kano da Zazzau da Bauchi. Suka ci gaba da riƙe koyarwarsa, tare da begen da suka gada cewa wata rana za a zo musu da cikakken labarin Isa.

Jikokin waɗannan almajirai ne suka ji labarin wani Bature a Zariya da ke da littafi mai maganar Isa Almasihu, suka zo su gani da idonsu. Wasu daga cikinsu suka karɓi bangaskiyar Kirista, wasu kuma suka tsaya a kan abin da suka gada. Waɗanda suka karɓa manoma ne, ba mutanen birni ba, kuma a warwatse suke. Sai aka yanke shawarar a tara su wuri ɗaya inda za su yi noma, su yi sujada, 'ya'yansu kuma su yi karatu. Haka aka kafa zaman Gimi a karkarar Zazzau, aka ɗora Rabaran W. A. Thompson, baƙar fata daga tsibiran Karibiyan, ya zama mai kula da su. Aka sare daji, aka gina ɗakuna da majami'a da makaranta, aka shuka hatsi da rake. Ana danganta shigowar sana'ar matse rake a dafa mazarƙwaila a wannan yanki da shi wannan bawan Allah.

Gimi ita ce Wusasa ta farko, sai dai ba ta yi tsawon rai ba. Wurin yana da ƙudan tsando, wanda ke yaɗa ciwon barci, kuma a wancan zamani maganin cutar bai wadata ba. Cikin 'yan shekaru kaɗan annobar ta yi wa garin kaca-kaca, ta kwashe manya da yara. Dole aka tashi. Waɗanda suka tsira, musamman yara marayu, aka kawo su gidan Likita a Durumin Maigarke. Babu wani abu da ya taɓa zuciyarsa a duk zamansa kamar wannan rashi, ga shi likita, amma yana ji yana gani mutanensa suna ƙarewa. Sai dai Allah da ikonSa, waɗannan marayu na Gimi su ne suka cika azuzuwan makarantar Zariya, kuma daga cikinsu aka sami iyayen gidaje da dama na Wusasa.

Ƙaura zuwa Wusasa

Da aka shiga shekarun 1920, zaman cikin birni ya fara yin wuya. Jama'ar mishan ta yi yawa, gidan ya yi mata kaɗan, babu filin wasa, babu gona, babu wurin faɗaɗa asibiti. Ban da wannan, dangantakar Likita da fada ta daɗe da yin tsami. Ya sha kai ƙarar abin da yake gani zalunci ne ga talakawa, har ya zama ba ya ga-maciji da Sarki Aliyu, wanda Turawa suka tuɓe a 1920 suka kai shi Lakwaja. Jami'an mulkin mallaka su ma sun gaji da shi, suna ganin zaman mishan a cikin ganuwa ƙaya ce a ƙafar tsarinsu na mulki ta hannun sarakuna. A zamanin da H. R. Palmer yake Laftanan Gwamnan Arewa, Ibrahim kuma yake sarautar Zazzau, aka matsa lamba cewa mishan ta fita bayan gari.

A daidai wannan lokaci wasu matasa masu jini a jika suka iso daga Ingila domin taimaka wa aikin. Daga cikinsu akwai Rabaran Guy Bullen, da Max Warren, wanda ciwon tarin fuka ya mayar da shi gida kafin ya cika shekara, daga baya kuma ya zama babban sakataren C.M.S. Matasan sun ga alheri a cikin ƙaurar: fili mai faɗi, da iska, da damar gina makaranta da asibiti yadda ya kamata. Likita kuwa yana ganin fita daga birni tamkar ja da baya ne bayan shekara 24 ana riƙe da wuri. Ra'ayin matasan da na gwamnati ne ya rinjaya.

A 1929 aka tashi daga Durumin Maigarke aka sauka a fili da ke yamma da birni, a gindin duwatsu, kusa da Kufena. Bullen ne ya jagoranci aikin. Aka gina majami'a da tubali da azara bisa tsarin ginin Hausa, da bakan-gizo irin na soron sarakuna da manyan masallatai, ba a kwaikwayi ginin Ingila ba. Aka sa mata sunan St. Bartholomew, wato Bartalamawas, ɗaya daga cikin manzanni goma sha biyu, sunan da ya zo daidai da na asibitin da Likita ya yi karatu a Landan. Makarantar ma wannan suna ta ɗauka, asibitin kuma aka kira shi St. Luke. A kewayen waɗannan gine-gine uku mutane suka yanki filaye, suka kafa gidaje da gonaki: mutanen birni, da ragowar Gimi, da 'yantattun bayi, sannan daga baya masu bishara da ma'aikatan asibiti da malamai daga Filato da kudancin Zazzau da sauran wurare. Harshen Hausa da majami'a da makaranta su suka ɗinke su suka zama al'umma ɗaya. Shi Bullen bai daɗe ba, an naɗa shi mataimakin Bishop na Masar da Sudan a 1935, ya rasu a haɗarin jirgin sama a Sudan a 1937.

Littafi Mai Tsarki da Hausa

Likita Mila bai bi jama'arsa zuwa sabon wuri ba. Kano ya koma, birnin da aka kore shi shekara 29 da suka wuce, ya duƙufa a kan aikin da ya daɗe yana yi a hankali, wato fassara Littafi Mai Tsarki. Ba shi ne ya fara ba, domin tun a ƙarni na 19 wani Bajamushe mai suna J. F. Schön ya fassara Sabon Alkawari ba tare da ya taɓa zama a ƙasar Hausa ba. Likita kuwa ya yi shekaru yana jin Hausar kasuwa da ta fada da ta zaure. Tare da taimakon malaman Hausawa da ya rena, da wakilan sauran ƙungiyoyin mishan, aka kammala aikin, aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932.

Amfanin wannan littafi ya wuce Wusasa nesa ba kusa ba. Kabilu masu yawa na Filato da Bauchi da Adamawa da kudancin Zazzau, waɗanda ba a riga an rubuta harsunansu ba, da shi suka yi sujada, da shi kuma dubban mutane suka koyi karatu. Shi ya sa Hausa ta zama harshen Ikilisiya a yawancin Arewa. An sake fassara littafin daga baya domin ya dace da Hausar zamani, amma a kan harsashin 1932 aka ɗora.

Halinsa da ƙarshen rayuwarsa

Ba za mu yi wa tarihi adalci ba in muka nuna shi tamkar mutum marar aibi. Likita Mila mutum ne mai zafin rai da kaifin harshe, in ya ƙudurta abu ba ya jin kira. Ya yi rigima da sarakuna, ya yi da Razdan-Razdan, ya yi da shugabannin ƙungiyarsa. Wasu maganganunsa game da addinin Musulunci da sarautar gargajiya sun yi tsauri, sun ɓata wa mutane rai, sun kuma ƙara wa mabiyansa wahalar zama da danginsu. Horonsa ga yara ma mai tsanani ne. A ɗaya ɓangaren kuma, mutum ne marar son abin duniya, mai tsayawa ga talaka, wanda ya ƙi jinin bauta da danniya, ya kuma gaskata cewa ɗan Arewa zai iya kowane irin karatu in an ba shi dama, a zamanin da Turawa da yawa ba su yarda da haka ba.

Ya ajiye aiki da C.M.S. a 1935, ya koma Ingila, ya rubuta littafin tarihin aikinsa mai suna Reflections of a Pioneer, wanda ya fito a 1936. Amma zaman Ingila bai karɓe shi ba, sai ya komo Nijeriya. A 1947 ya fitar da Have We Failed in Nigeria?, inda ya soki yadda Turawa suka tafiyar da mulkin Arewa, musamman sakacinsu game da ilmi. Ya ƙare kwanakinsa a Bukuru kusa da Jos, inda ya rasu a 1952 yana da shekara 80.

'Ya'yan makarantar

In da yawan waɗanda ya yi wa baftisma za a auna shi, da sai a ce bai ci riba ba. Amma itace da 'ya'yansa ake saninsa. Daga wannan ƙaramar makaranta aka sami Dokta R. A. B. Dikko, likitan zamani na farko daga Arewa, wanda ya yi karatu a Birmingham, ya kasance cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa a ƙarshen shekarun 1940, ya kuma riƙe muƙamin kwamishinan tarayya daga 1967. Daga nan aka sami Malam John Tafida, wanda tare da R. M. East suka rubuta Jiki Magayi, ɗaya daga cikin littattafan ƙagaggun labarai na farko da Hausa. Daga nan Farfesa Ishaya Audu, jikan Isawa, ya taso har ya zama ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975, sannan ministan harkokin waje daga 1979 zuwa 1983. A nan kuma Janar Yakubu Gowon, wanda mahaifinsa mai bishara ne daga ƙasar Angas, ya yi karatun firamare kafin ya wuce kwalejin gwamnati ta Zariya, ya kuma shugabanci Nijeriya daga 1966 zuwa 1975.

Waɗannan su ne waɗanda duniya ta sani. Bayansu akwai malaman makaranta da ma'aikatan jinya da ungozomomi da akawuna da masu haɗa magani, maza da mata, waɗanda suka bazu ko'ina a Arewa a lokacin da masu ilmin zamani suke da ƙaranci ƙwarai. Ya kamata mu lura da abu ɗaya: yawancinsu ba daga gidan dukiya suka fito ba. 'Ya'yan manoma ne da marayu da baƙi. Abin da suka samu shi ne malami mai tsayawa a aji, da karatu da harshen da suka tashi da shi kafin a kai su ga Turanci, da al'ummar da ke ɗaukar ɗan kowa a matsayin ɗanta.

Kammalawa

Ya ku 'yan'uwa mazauna birane, darasin da ke cikin wannan tarihi a fili yake. Sau uku wannan al'umma tana tashi: daga Girku, daga Gimi, daga Durumin Maigarke. Kowane tashi an bar gini a baya, an bar kaburbura, amma ba a bar majami'a da makaranta ba, domin mutane ne suka ɗauko su a ka suka sake kafawa. Yau babu sarkin da ya kore mu, babu annobar da ta tashe mu. Neman abinci ne ya watsa mu cikin birane, kuma irin wannan tashi ya fi haɗari, domin a hankali yake cin gari ba a ankara ba.

Saboda haka muna ba da shawara uku kafin cikar shekara 100. Ta farko, kowane reshe na ƙungiyarmu ya sa matasansa su zauna da dattawan da suka rage, su rubuta asalin kowane gida: daga ina kakanni suka fito, a wace shekara, da wane dalili. Tsoho ɗaya in ya kwanta dama, da littafinsa yake tafiya. Ta biyu, mu tuna cewa ginin ƙasa ba ya son sakaci, damina ɗaya in ta wuce ba a duba rufi da indararo ba, ɓarnarta sai an shekara ana gyara. Kula da tsohuwar majami'a da azuzuwan da muka yi karatu a ciki haƙƙi ne a wuyanmu, haka nan tallafa wa yaran gida masu ƙwazo waɗanda iyayensu ba su da hali. Ta uku, mu koya wa 'ya'yanmu karanta Hausa da rubuta ta. Abin kunya ne a ce Bature ya ƙetare teku ya je Tarabulus domin ya koyi harshenmu, ya ƙare ƙuruciyarsa yana fassara da shi, sannan jikokin ɗalibansa su kasa karanta aya ɗaya a taron iyali.

Daga ƙarshe, mu riƙe zumunci da 'yan'uwanmu Musulmi na cikin birni da kewaye. Da yawa daga cikin gidajenmu jini ɗaya muke da su, asibitinmu da makarantarmu kuma tun farko ba su taɓa tambayar addinin mai shigowa ba. Inda Likita Mila ya yi zafin baki, mu mu yi taushi. Inda ya yi naci da riƙon amana, mu yi koyi da shi.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya albarkaci zuriyarsu a duk inda suke, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya, Ya kuma nuna mana shekarar 2029 muna masu rai da lafiya. Amin.